Waiwaye: ɗalibin da ya gwammace a kira shi malalaci a kan a kira shi daƙiƙi

Duk wanda ya taɓa zama a aji ya san irin yaron nan. Kansa na ja, in ana hira ka ji kaifin basira a bakinsa, amma daren jarabawa shi ne zai raba dare yana danna waya, da safe kuma tun daga bakin ƙofa yana shela wai shi fa ko littafi bai buɗe ba. Malamai su ce lalaci ne, iyaye su ce iskanci ne da rashin sanin ciwon kai, nima na daɗe ina faɗin haka. To amma masana halayyar ɗan adam sun kusa shekara hamsin suna bin diddigin wannan ɗabi'a, kuma abin da suka gano wallahi ya sa na daina saurin yanke wa irin yaran nan hukunci.

Maganar ta samo asali tun da nisa. A 1890 William James na Amurka ya rubuta cewa ƙimar da mutum yake ba kansa lissafi ce tsakanin abin da ya cim ma da abin da yake da'awar zai iya, kenan mutum na iya kare ƙimarsa ta hanyar yin nasara, ko kuma ya rage da'awar kawai ya huta. A 1957 John Atkinson ya zo da nasa bayanin, cewa mai tsoron faɗuwa yakan guji aiki matsakaici, sai dai ya ɗauki mai sauƙin gaske wanda ba yadda za a yi ya faɗi, ko mai wuyar da ba wanda zai zarge shi in ya kasa.

Amma sai 1978 abin ya samu suna, lokacin da Steven Berglas da Edward Jones suka yi wani gwaji da har yau ake komawa kansa. Sun tara ɗaliban jami'a suka ba su tambayoyi, wasu an ba su waɗanda ake iya warwarewa, wasu kuma yawancin nasu ba su da amsa sam sai dai canki-canka, bayan an gama aka ce wa kowa kai ka yi ƙoƙari sosai, makinka ya yi kyau. To ka duba halin da kashi na biyun suka shiga, an yabe su amma su a ransu ba su san ta yaya suka ci ba, kuma ga wani zagayen yana tafe. Kafin zagaye na biyun sai aka ajiye musu ƙwayoyi iri biyu, ɗaya aka ce tana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, sunanta Actavil, ɗayar Pandocrin aka ce ita dakushe tunani take yi, kowa ya zaɓa. Duk ƙwayoyin na bogi ne. Waɗanda suka ci da guminsu galibi mai ƙara kaifin suka ɗauka, amma mazan da aka yaba a kan abin da ba su san yadda suka yi ba, mafi yawansu mai dakushewar suka miƙa wa hannu. A wajen mata abin bai fito fili haka ba, kuma wannan bambancin ya ci gaba da bayyana a bincike da dama daga baya.

Sunan da suka ba ɗabi'ar, in za a faɗa da Hausa, shi ne mutum ya sa wa kansa dabaibayi. Lissafin ciki kuwa mai sauƙi ne, in na faɗi ai ƙwayar ce ko rashin barci ne ko ban karanta ba ne, ba ƙwaƙwalwata ba ce, in kuwa na ci duk da dabaibayin to ai sai a sara min. Ta ko'ina ƙimarsa ta tsira, makin ne kawai ya tafi. A 1982 Kolditz da Arkin suka maimaita gwajin suka ga in aka tabbatar wa mutum ba wanda zai san ƙwayar da ya zaɓa to ɗabi'ar tana raguwa sosai, kenan idon mutane na da babban kaso a ciki. Leary da Shepperd kuma a 1986 suka raba abin gida biyu, akwai mai ɗaure kansa da gaske, ya ƙi karatu ko ya bar aiki sai ranar ƙarshe, akwai kuma mai faɗa da baki kawai, kaina na ciwo, ban samu barci ba, alhali ƙila ya yi karatunsa a ɓoye. Na farkon shi ya fi cutuwa.

Wanda ya shigo da zancen cikin aji sosai shi ne Martin Covington na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi da Richard Beery suka fitar da littafi a 1976 kan ƙimar kai da karatun makaranta. Abin da ya tsaya a kai shi ne, a makaranta yaro yana koyon cewa darajarsa a idon mutane ita ce basirarsa, basira kuma maki ne ke nuna ta, don haka babban abin da yake karewa kullum shi ne kar a gane shi a matsayin wanda bai da kai. A 1979 shi da Carol Omelich suka kira ƙoƙari takobi mai kaifi biyu, kuma nan ne wajen da ya fi taɓa ni. Sun tambayi ɗalibai yadda za su ji in sun faɗi a yanayi daban-daban, sai ya fito cewa kunya ta fi yawa in ka dage iya ƙarfinka kuma ka faɗi, domin ba sauran inda za ka ɓuya, amma kuma da aka ce su ɗauki matsayin malami sai suka fi hukunta wanda bai yi ƙoƙari ba. To yaro ya yi yaya kenan? In ya dage ya faɗi ya sha kunya, in ya ƙi dagewa ya sha faɗa, shi ya sa da yawa suke tsayawa a tsakiya, su yi ɗan abin da zai hana a hukunta su, su riƙe uzuri a aljihu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, haka zuciyarsa take gaya masa. John Nicholls ya nuna cewa ƙananan yara ba su da wannan lissafin, a wajensu mai ƙoƙari shi ne mai basira, sai wajen shekara 12 ne yaro yake fara ganin cewa in mutum biyu suka ci maki ɗaya to wanda ya fi shan wahala shi ne ƙasa.

Akwai wani gwaji na Frankel da Snyder, shi ma a 1978, da yake rushe zancen lalaci. Bayan an sa mutane sun kasa a tambayoyin da ba su da amsa, aka ba su sabon aiki iri ɗaya, wasu aka ce musu matsakaici ne, wasu aka ce mai wuya ne ƙwarai. Waɗanda aka ce wa mai wuya ne su suka fi yin kyau, saboda an riga an ba su mafaka, faɗuwa ba za ta tona musu asiri ba sai suka saki jiki suka yi aikin. Ted Thompson na jami'ar Tasmaniya a Ostareliya ya yi ta samun irin wannan a shekarun 1990.

Daga nan sai jama'a suka ɗauki zancen ta wata fuskar da ba ita ba. Aka ce tunda matsalar ƙima ce to a cika yara da yabo. A 1986 jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman don ɗaga ƙimar kai, wani ɗan majalisa John Vasconcellos ne ya tsaya kai da fata, yana ganin abin kamar rigakafi ne ga faɗuwa a makaranta da shaye-shaye da aikata laifi. Malaman jami'ar da aka sa su duba hujjoji suka tarar alaƙar ba ta da ƙarfi, amma guguwar ta riga ta tashi. Sai 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tace tarin binciken da aka yi suka ce alaƙar ƙimar kai da maki 'yar kaɗan ce, kuma ya fi kama da cewa yin kyau a karatu ne ke ɗaga ƙimar. A 2007 ma Donelson Forsyth da wasu suka gwada tura wa ɗaliban jami'a masu rauni saƙonnin ƙarfafa ƙima duk mako, mafi raunin cikinsu sai makinsu ya ƙara yin ƙasa. Kafin nan a 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna cewa yaran da aka yaba da cewa kai gwani ne sun fi gudun aiki mai wuya a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun yi ƙarya kan makinsu bayan sun faɗi. Ai kusan abin da aka yi wa mutanen Berglas da Jones kenan, an rataya wa yaro suna ya koma gadinsa.

Ita kuwa asarar, an auna ta. Miron Zuckerman da abokansa a 1998 suka bi ɗalibai na wani lokaci suka ga abin yana zagayawa, dabaibayi ya rage maki da natsuwa, hakan kuma ya ƙara tura su ga dabaibayin. A 2014 Malte Schwinger na Jamus da tawagarsa suka haɗa bincike 36 da ya ƙunshi ɗalibai sama da 25,000, suka tabbatar duk inda ɗabi'ar ta yi yawa maki yana sauka.

Ni a ganina aikin da ya fi amfani shi ne na Carol Midgley da Tim Urdan, waɗanda suka ɗauke ido daga kan yaron suka duba ajin kansa. Sun samu cewa inda ake yawan gwada ɗalibi da ɗalibi, wane ya fi wane, a nan ɗabi'ar ta fi yawa, inda kuma aka fi damuwa da ko ka gane abin kuma ka fi jiya to tana raguwa. Ba wai gyaran yana zuwa kamar yankan wuƙa ba ne, babban gwajin da David Yeager ya jagoranta a 2019 kan ɗaliban sakandare kusan 12,000 a Amurka, inda aka koya musu cewa basira tana ƙaruwa da aiki, ƙarin da masu rauni suka samu kaɗan ne, kuma ya fi tsayawa a makarantun da abokan karatu ba sa kallon dagewa a matsayin abin kunya.

Covington ya kasa ɗalibai kashi huɗu, masu neman nasara hankali kwance, masu kashe kansu da karatu don tsoro, masu gudun faɗuwa da uzuri, sai na ƙarshe waɗanda suka riga suka karɓi faɗuwar. Shi mai shelar ban karanta ba yana kashi na uku, har yanzu yana ganin akwai abin karewa a tare da shi. In uzurin ya ƙare masa shekara bayan shekara sai ya gangara na huɗu, su ne waɗanda suke zama can baya shiru, ba sa kawo uzuri, ba sa damun malami, a miƙo musu takardar sakamako su ninke su sa a jaka.