Aya-aya a lambun albasa: fartanya kaɗai ba ta kashe ta

Masu lambu na bakin kogin Mayo Tsanaga da kewayen Marwa a arewacin Kamaru, sannunku da aiki. Duk fadamar da na zaga bana kukan ɗaya ne: a yi noma yau, kafin mako ya zagayo aya-aya ta sake fitowa kore shar. Wasunku jiji suke ce mata.

Ku tsinko karanta ku murza, za ku ji kusurwa uku gare shi. Dangin ayar da muke ci ce, da ƙajijin turare. Ganyen da kuke sarewa ba komai ba ne, ƙarfinta yana ƙasa. 'Ya'yanta baƙaƙe a sarƙe suke da juna da siraran saiwoyi, akasarinsu cikin santimita 15 na saman ƙasa. A kowace sarƙa ɗaya ko biyu ne ke tsira, sauran suna barci. Da fartanya ta tsinka saiwar, sai masu barcin su farka, kowane ya zama gindi. Wato manomi da guminsa yake yi mata dashe. Albasa kuwa ganyenta tsaye ne siriri, ba ta da inuwar da za ta danne ta.

Abin da aya-aya ba ta jurewa shi ne bushewa. Idan an cire albasa a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40, a yanke ruwa, a kafce ƙasa da zurfi, a bar hoge a buɗe. Bayan mako guda a sake juyawa, sau biyu ko uku kafin ruwan farko. 'Ya'yanta da suka fito fili a tsince a ƙone. Don Allah kada a watsa su a hanyar ruwa ko kan jujin taki, na sha ganin lambu mai tsabta ya kamu ta nan, haka ma ta ƙasar da ke maƙale a saiwar irin dashe da aka sayo.

Da damina a shuka wake ko dankali a wurin, inuwarsu tana raunana ta ƙwarai. Maganin feshi mai ƙone ganye kawai ɓarnar kuɗi ne a kanta. Wanda ma ke sauka har saiwa ba ya samun 'ya'yan da ke barci a sarƙar da aka riga aka tsinka, don haka feshi ɗaya ba ya isa. Inda ta yi katutu, ku sa ran shekara biyu ko uku kuna wannan kaftu.