Alan Guth

Alan Harvey Guth masanin fiziks ne ɗan Amurka, wanda ya yi suna wajen nazarin farkon samuwar sararin samaniya. An haife shi ran 27 ga Fabrairu, 1947, a New Brunswick ta jihar New Jersey. Aikinsa na alƙalami da takarda ne: shi ya lissafa, masu na'urorin hangen sama su auna su ga ko lissafin ya dace.

A jami'ar MIT ya yi karatu, ya samu digiri na uku a 1972. Kusan shekara tara yana aikin bincike na wucin gadi, daga Princeton zuwa Columbia, Cornell, sai cibiyar SLAC ta Stanford, ba kujerar dindindin. A lokacin ƙananan ƙwayoyin zarra ne fanninsa. Laccar da masanin fiziks Robert Dicke ya gabatar a Cornell a 1978, da aikin da suka yi da Henry Tye, su suka karkato da shi zuwa sararin samaniya.

Ɗaya daga cikin matsalolin da suka dami masana ita ce wannan. Akwai wani tsohon haske da ya taso kimanin shekara 380,000 bayan babbar fashewar farko, wato Big Bang da masana ke cewa daga ita sararin samaniya ya faro, kuma ta duk inda aka auna shi, ɗuminsa kusan ɗaya ne, digiri 2.7 a ma'aunin Kelvin, wanda ke fara ƙirga daga matuƙar sanyi. Alhali sassan sararin da hasken ke fitowa daga gare su sun yi nisan da ko haske bai isa ya haɗa su ba. Tamkar a auna butar mai shayi a Agege da ta wani a Obalende ne, a tarar zafinsu bai bambanta ko kaɗan ba, kuma masu su ba su taɓa haɗuwa ba. Dole a nemi dalili. Hasken nan kuwa ba baƙo ba ne: ɗan kaso kaɗan na yayyafin da tsohuwar talabijin mai eriya ke nunawa idan babu tasha, daga gare shi yake.

A Disamban 1979 Guth ya gano amsa, ya wallafa a 1981. A cewarsa, cikin ɗan lokacin da bai kai ko kusa da ƙiftawar ido ba, sarari ya kumbura ninkin da adadinsa ya kai 1 da sifili 26 a gabansa, ko fiye. Kenan sassan da suka yi nisa yau, a da maƙwabta ne, sun daidaita ɗumi kafin a raba su. Ra'ayi ɗaya ya warware tambayoyi da dama, kuma nan ƙarfinsa yake.

Shi da kansa ya nuna giɓin da ke cikin lissafin: kumburar ba ta ƙarewa lami lafiya. Andrei Linde, da kuma Andreas Albrecht da Paul Steinhardt, suka gyara wannan a 1982. Tauraron ɗan'adam na COBE ya gano 'yan bambance-bambancen ɗumi a 1992, kusan kashi 1 cikin 100,000, irin waɗanda ra'ayin ya yi hasashe.

Guth ya koma MIT yana koyarwa tun 1980. A 2014 ya raba lambar yabo ta Kavli da Linde da Alexei Starobinsky. Sai dai muhawara ba ta mutu ba. Shaidar kumburar da masu gwajin BICEP2, wata na'urar hangen sama, suka sanar a 2014 ta zama ƙurar da ke tsakanin taurari ce, kuma Steinhardt yanzu yana cikin manyan masu sukar ra'ayin.