Mene ne "fim ɗin B", kuma me ya haɗa shi da ƙaton ƙwaro?

Duk mai kunna tashar MBC 2 ko MBC Action da tsakar dare a Makka ko Jidda ya taɓa cin karo da irinsa. Wani kada ko gizo-gizo ya girma ya kai gidan bene, sojoji na ta ɓarin wuta a banza, ga wani masanin kimiyya a gefe yana bayanin da ba wanda ya tambaye shi. Samarinmu masu bin sharhin finafinai a YouTube suna ce masa "B-movie", wato fim ɗin B.

Sunan ya samo asali ne a Amurka, a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, mutane suka ja baya da zuwa silima. Sai masu silima suka koma nuna fim biyu da tikiti ɗaya. Na A shi ke da manyan jarumai da kuɗi. Na B kuwa gyara ne, irin wanda mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu: gajere, mai araha, an ɗauke shi a gurguje. Daga baya aka daina haɗa biyun, amma sunan ya manne wa duk fim mai ƙaramin jari.

Manyan dabbobin sun cika fage ne a shekarun 1950, sa'ad da tsoron nukiliya ya kama duniya. A 1954 aka yi Them!, inda gwajin bam a hamadar New Mexico ya mai da tururuwa dodanni, a shekarar kuma Japan ta fito da Godzilla. Waɗannan biyun an kashe musu kuɗi, sun kuma kawo kuɗi. Ganin haka sai marasa jari suka biyo sahu, kuma a nan abin dariyar yake.

A Beginning of the End na 1957, darakta Bert I. Gordon yana son fara ta mamaye birnin Chicago, ga aljihu ba nauyi. Sai ya samo fara mai rai ya sake ta a kan hotunan gine-gine. Idan ka zuba ido, za ka ga wata ta wuce ƙarshen bene ta ci gaba da tafiya a sararin sama, don ita dai takarda take takawa. Wanda ya ga farar da ta cika harabar Harami a Janairun 2019 ya san yawanta ne abin tsoro, ba girmanta ba. Balle Bahaushe, da ya hango ƙatuwar fara yaji zai fara nema. A The Killer Shrews na 1959 kuwa, karnuka aka rufa wa gashi da haƙoran ƙarya aka ce jaɓa ce.

Yanzu kwamfuta ce ke zana dodon. Kamfanin The Asylum ya yi Sharknado a 2013, guguwa na watso kifayen shak cikin Los Angeles, kuma da gangan aka yi shirmen don a yi dariya. Ni na fi son na da, domin su da gaske suke son tsorata ka, kuɗin ne bai kai ba. Na yanzu yawanci ko ƙofar silima ba sa gani, talabijin da intanet ake kai su kai tsaye.