Igiyar awo da idon malamin asibiti: tambayoyi kan tamowa a Tahoua

Tunda akwai igiyar awon damtse, mene ne kuma aikin ido?

Igiyar ta yara ƴan wata 6 zuwa 59 ce. Ana zagaya ta a hannun hagu, daidai tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Ƙasa da milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani. 115 zuwa 124 rawaya. Daga 125 tsanwa. Ita ke kamo yaron da riga ta ɓoye ramarsa. In an matse ta ko an bar ta sako-sako, milimita biyu sun isa su sauya wa yaro launi.

Sai dai igiya ba ta san kumburi ba. Yaro na iya faɗawa a tsanwa, kaka na murna wai ya yi kumari, alhali ruwa ne ya taru. A danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsu daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, tamowa mai tsanani ce, ko me igiya ta nuna.

Wane yaro ake kwantarwa, wane ke komawa gida?

Gwajin ci ne ke raba gardama. Uwa ta wanke hannu, ta zauna gefe inda ba hayaniya, ta ba shi Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na maganin tamowa, da ruwan sha, ba ɗura. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, kalori 500. Wanda ya ci, kuma ba wata cuta a tare da shi, sai a sa shi a CRENAS, sashen jinyar tamowa ba kwanciya da ke CSI (ƙaramin asibiti), ana zuwa awo duk mako. Wanda ya ƙi ci, ko yake amayar da komai, ko jijjiga, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, CRENI za shi, sashen da ake kwantar da masu tamowa, a fara da madarar magani ta F-75. Numfashi kuwa a ƙirga shi minti guda cur: 50 zuwa sama ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga wanda ya kai shekara, ya yi sauri.

In ma'aunin zafin jiki bai nuna zazzaɓi ba fa?

Kada a saki jiki. Jikin da tamowa ta cinye sau da yawa ba ya da ƙarfin yin zazzaɓi, shi ya sa ake ba yaran amoksisilin, maganin ƙwayoyin cuta, tun ranar farko. Jiki ya yi sanyi, ƙasa da digiri 35 a hamata, ya fi zafi ban tsoro. Gwajin maleriya na ɗigon jini ma yana da nasa halin: yakan ci gaba da nuna layi biyu, alamar akwai maleriya, makonni bayan an gama magani. Sai a tambayi uwa: "Inna, yaushe ya sha maganin masassara na ƙarshe?" In shekaranjiya aka gama, a nemi wani dalilin, a duba kunne da ƙirji.

Ba duk hawan sikeli ne alheri ba ke nan?

Ba duka ba. Mai kumburi nauyinsa raguwa yake yi a kwanakin farko, kuma haka ake so. In nauyi ya yi tsalle ana tsakiyar ba shi ruwa, numfashi na ƙaruwa, zuciya ce ruwa ya yi wa yawa. A tsayar nan take.

Rajistar da ake cikawa, wa take amfana?

Ma'aunin da ake bi shi ne waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin 100, mace-mace ƙasa da 10, masu daina zuwa ƙasa da 15. Rajista za ta ce an daina zuwa, amma ba za ta faɗi dalili ba. Sai majo, babban malamin asibitin, ya ware sunayen ƙauye-ƙauye, ya ga ko ranar awo ta faɗa ranar kasuwa, ko damina ta yanke hanya, ko mata na gona. Yaron da mako uku nauyinsa bai motsa ba, kafin a ƙara masa magani a tambaya cikin lalama, yara nawa ke cin ƙunshin nan a gida.