Mene ne EP, kuma me ya raba shi da albam?

Duk mai bibiyar mawaƙa a Instagram ko TikTok ya saba da irin wannan sanarwa: hoton mawaƙi, sunayen waƙoƙi huɗu ko biyar a jere, a ƙasa kuma an rubuta cewa sabon EP zai fito ranar Juma'a. Wasu na ɗauka sabon suna ne 'yan zamani suka raɗa wa albam don burga. Ba haka ba ne. EP kundin waƙoƙi ne da ya fi waƙa guda yawa amma bai kai albam ba, galibi waƙa huɗu zuwa shida, waɗanda in an haɗa su ba sa kai rabin awa. Haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyu, Extended Play, wato faifan da ke ɗan jimawa yana yi kafin ya ƙare.

Sunan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A zamanin garmaho, faifan da ke juyi 78 a minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku zuwa biyar a kowace fuska. Waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, shi ke nan. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai suna LP, wanda kowace fuskarsa ke ɗaukar fiye da minti ashirin, shi ne ya zama albam ɗin da muka sani. Abokin gasarsa RCA Victor ya mayar da martani a 1949 da ƙaramin faifai mai faɗin inci bakwai, mai juyi 45 a minti. A 1952 kuma ya matse layukan da allura ke bi a kan wannan ƙaramin faifai, har kowace fuska ta iya ɗaukar kusan minti bakwai da rabi, wato waƙa biyu. Nan aka haifi EP. Wanda aljihunsa bai kai ga babban faifai ba, sai ya sayi wannan ya koma gida da waƙa huɗu.

Yau babu allura, babu faifai, wayar hannu za ta ɗauki waƙa dubu ba ta koka ba. To me ya sa sunan bai mutu ba? Dalili na farko shi ne manhajojin sauraron waƙa sun riƙe shi a matsayin ma'auni. A Apple Music da Spotify, waƙa huɗu zuwa shida da ba su kai minti talatin ba EP ne. In sun kai bakwai, ko tsawonsu ya haura rabin awa, sun shiga sahun albam. Ba ko'ina aka yarda da wannan iyaka ba. Masu kyautar Grammy, alal misali, suna karɓar waƙa biyar masu tsawon minti goma sha biyar a matsayin albam. Shi ya sa za ka ga mawaƙi ya kira aikinsa EP, manhaja kuma ta jera shi cikin albam, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne kuɗi da haƙurin mai sauraro. Kowace waƙa tana cin kuɗin situdiyo, da na mai haɗa kiɗa, da na mai tace sauti, ban da bidiyo da talla. Yaron da ke tasowa ba shi da ƙarfin waƙa goma sha biyar, ko da yana da shi ma, wa zai zauna awa guda yana sauraron muryar da bai taɓa ji ba? EP kamar ɗanɗanon da mai tsire ke miƙo maka ne a bakin wuƙa: in ya yi daɗi ka sa a yanka maka na gaske. Da haka mawaƙin Najeriya Rema ya shigo a watan Maris na 2019 da waƙa huɗu kacal, bai saki cikakken albam ba sai 2022. Ayra Starr ta fara da biyar a Janairun 2021. Asake ya saki EP a Fabrairun 2022, albam ya biyo baya a Satumba, kafin shekara ta zagayo ya cika zauren O2 na Landan mai cin mutum wajen dubu ashirin.

Inda EP ke nuna iyakarsa shi ne kan dandamali. Waƙa huɗu masu minti uku-uku minti goma sha biyu ne. Ba a tara jama'a a sayar musu da tikiti a kan minti goma sha biyu. Saboda haka mai EP ɗaya yawanci shi ake sa wa ya buɗe fage, ya ɗumama 'yan kallo kafin babban mawaƙi ya hau. Wasan da mutum zai riƙe shi kaɗai na awa ɗaya da rabi yana buƙatar tarin waƙoƙin da jama'a suka haddace, waɗanda in ya miƙa musu makirufo za su amsa.

Mawaƙan Hausa sun taso ne a kan albam, tun zamanin kaset da faifan CD da ake sari a Ƙofar Wambai, lokacin da mai saye ke son ya ga faifai a cike kafin ya zaro kuɗi. Matasa na yanzu da ke ɗora aikinsu a Audiomack da YouTube sun karɓi EP, kuma ina ganin sun yi daidai. Abin da ke damuna shi ne wanda zai kwaso waƙoƙin biki uku da aka biya shi ya yi, ya haɗa da tsofaffi biyu da suka daɗe suna yawo a wayoyi, ya liƙa musu hoto ya ce EP ne. A ƙidaya ya cika sharaɗi. Amma a albam mai waƙa goma sha biyar, waƙa mai rauni tana iya ɓuya a tsakiya. A cikin biyar ba ta da mafaka, kuma mai sauraron da ya tsallake biyu a jere ba kasafai yake jiran ta uku ba.