Wai mece ce ibentin a wasan dawaki?

Tun bayan gasar Olamfik ta Faris a 2024 bidiyoyin nan suke ta yawo a TikTok da WhatsApp, kaga mahayi da hular kwano da rigar kariya, doki ya zabura ya tsallake gungumen itace ya faɗa ruwa tsulum ya fito ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya faru. A majalisar masu dawaki a nan Kano wasu cewa suke sukuwar Turawa ce, wasu su ce ai tsalle-tsalle ne kawai. Toh 'yan uwa sunan wasan ibentin, kuma wancan da kuke gani kashi ɗaya ne cikin uku.

Ibentin gasa ce da doki ɗaya da mahayi ɗaya za su yi jarrabawa uku a jere, ba a canza doki ba a canza mutum. Kuma makin laifi ake tarawa, duk kuskuren da kayi a rubuta maka, wanda ya ƙare da mafi ƙarancin maki shine ya ci. A manyan gasa ana raba su ne kwana-kwana, a ƙanana kuwa ana iya gama duka rana ɗaya.

Ta farko ita ce diresaj, wato nuna horo. Fili ne shimfiɗaɗɗe mita 20 a 60, doki zai yi tafiya, yayi sassarfa, yayi sukuwa a hankali, ya kewaya, ya tsaya cak a daidai inda aka ce, alƙalai na ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10, daga baya a juya jimillar ta koma makin laifi. Wanda bai san doki ba zai ce wannan ai ba komai. Amma ku tuna dokin nan watanni aka yi ana gina shi don gudu, jininsa a sama yake, kamar ace ingarman da ya sha gero da kanwa aka fito da shi ranar Hawan Daushe ga kalangu ga bindiga sannan a ce ya taka a nutse kar ya ko girgiza kai. Kuma ba a son a ga hannunka na fizgar linzami, da zama da matsin ƙafa ake masa magana.

Ta biyu ita ce zuciyar wasan, gudun daji. A matakin ƙoli da ake ce wa tauraro biyar hanyar ta haura kilomita 6, ana son gudun mita 570 a minti ɗaya, wajen minti goma sha ɗaya ke nan ana tafe, ga shingaye har arba'in da wani abu, gungume, rami, gangara, tafki, wasu tsayinsu mita 1.20 kuma yawancinsu a kafe suke, in ka buge su kai ne zaka ji a jikinka. Abin da ya fi burge ni shine dokin bai taɓa ganin hanyar ba. Mahayi ne ke zagaya ta a ƙafa kafin ranar, yana ƙirga taku, yana duba inda ƙasa tayi laushi da inda rana zata haske wa doki ido. Doki kuwa sai ya iso bakin tafki a guje yake ganinsa, bai san zurfinsa ba, yarda da na bayansa ce kaɗai zata sa ya faɗa. In ya turje a rubuta maki 20, turjiya ta uku an fitar da ku, in mahayi ya faɗi ƙasa ma shike nan an fitar. Duk daƙiƙa ɗaya da ka ƙara kan lokacin da aka yanka maki 0.4 ne.

Wasan yana da haɗari sosai, an rasa mahaya an rasa dawaki, musamman in doki ya bugi shinge da ƙafafun gaba ya wuntsila ya danne mai shi. Shi yasa yanzu ake sa wa wasu shingaye wata fil da ke karyewa in an buga da ƙarfi, itacen ya sauka ƙasa, mahayi ya sha maki 11 amma ya tsira da ransa. Ana isowa ƙarshe kuma zakaga masu kula da doki sun rufe shi da bokitan ruwan ƙanƙara ana ta kwara masa, likita na auna bugun zuciya da zafin jiki. An yi bincike sosai kan wannan sanyayawar gabanin Olamfik na Atlanta a 1996 saboda zafin garin, mu da muke fama da ranar Afrilu ya kamata mu fi kowa saninta.

Washegari da safe akwai abin da bidiyo ba ya nunawa, kuma a wajena shine ma'anar wasan gaba ɗaya. Za a kawo kowane doki ba sirdi, a ja shi da hannu yayi sassarfa a kan ƙasa mai tauri gaban alƙalai da likitan dabbobi. In aka ga yana ɗingishi an cire shi, ko da kuwa shine na ɗaya jiya. Wanda ya wuce sai ya shiga ta uku, tsallaken sanduna a cikin fili, sandunan an ɗora su ne sama-sama, kofato na taɓawa sun faɗo, kowace maki 4. Dokin da aka ƙure jiya a nan asirin mai shi ke tonuwa, ƙafa tayi nauyi sanda sai zuba take.

Asalin abin na soja ne, gwajin dokin yaƙi, ya shiga Olamfik a 1912 a Sitokholm kuma hafsoshi ne kaɗai ke yi a lokacin. Mace ta fara shiga a Tokyo a 1964, yanzu maza da mata tare suke karawa ba a ware su. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, wato FEI da ke Suwizalan, ita ce ke tsara dokokin, gasar ibentin ta Badminton a Ingila tun 1949 ake yinta, shi kuma Michael Jung na Jamus ya ɗau zinaren Olamfik na mutum ɗaya har sau uku, 2012 da 2016 da 2024.

Mu Kano doki ba baƙonmu bane, ga filin sukuwa ga filin folo, hawan sallarmu UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon duniya a 2024. Amma wallahi raina yana ɓaci in na ga yara a hawan angwanci suna zabga gudu a kan kwalta da la'asar, linzami mai kaifi ya yanka bakin doki har kumfar tayi ja, a dawo a kwance sirdi ka tarar da gyambo a gadon baya, gobe kuma a sake bada shi haya. Ba sai mun gina tafki da shingaye ba kafin mu ɗauki dubawar nan ta safiya. Duk mai barga zai iya sa yaronsa ya ja dokin yayi sassarfa a gabansa washegarin hawa, ya shafa ƙafafun ya ji ko akwai zafi ko kumburi, in akwai a bar shi ya huta a kira likita. Mai sha'awar koya wa dokinsa tsalle kuma ya fara da linzami mai laushi da sanda a kwance a ƙasa a kan yashi, sai doki ya saba taka ta ba tsoro sannan a ɗaga ta zuwa gwiwa.