Kalmomin Hawa da Sauka a Hausa

Kalmomin hawa da sauka su ne waɗanda Hausawa ke amfani da su wajen bayyana abin da ba ya tsayawa a hali ɗaya, kamar farashin kaya, darajar kuɗi, jikin majiyyaci ko halin mutum. Hausa ba ta dogara da kalma guda a nan ba. Yawanci ta hanyoyi biyu take gina ma'anar: ko ta haɗa kishiyoyi biyu wuri ɗaya, ko ta ninka kalma.

Haɗin kishiyoyi shi ya haifar da "hawa da sauka", "kai-komo", "faɗi-tashi" da "kwan-gaba-kwan-baya". Sun yi kama, amma ba a musanya su yadda aka ga dama. Hawa da sauka na abin da ake aunawa ne, irin su farashi da zafin jiki. Kai-komo zirga-zirga ce tsakanin wurare ko ɓangarori biyu, shi ya sa ake jin sa a labarin sulhu da ciniki. Faɗi-tashi kuwa ya fi karkata ga wahalar neman abin kai: mutum ne ke faɗi-tashi, buhun masara ba ya yi. Kwan-gaba-kwan-baya akwai zargi a cikinsa, domin ana faɗar sa ne ga hukuma ko mutumin da ya yanke magana yau ya warware gobe.

Ninki iri biyu ne. Ragaggen ninki yana maimaita gaɓar farko ta aikatau don nuna yawan aukuwa: juya ya zama jujjuya, sauya ya zama sassauya. Cikakken ninki kuma yana ba da sunaye kamar sauye-sauye, juye-juye da canje-canje. Na ƙarshen daga "canji" ya fito, kalmar aro daga Ingilishi wadda ta zauna daram har ta bi ƙa'idar. "Hauhawa" ma ninkin "hawa" ne, sai dai ita gefe ɗaya take nufi: hauhawar farashi hawa ne a kan hawa, ba sauka. Masu fassara labarai kan sa ta a inda "hawa da sauka" ya dace, kuma wannan kuskure ne. Akwai kuma amsa-kama, wato kalmar da amonta ke kwatanta yanayin abu, irin "tangal-tangal", na abin da ke rawa yana dab da faɗuwa, ko gwamnati ce, ko aure, ko ƙungiyar ƙwallo.

Kasuwa ce ta fi wadatar waɗannan kalmomi. A Dawanau ta Kano hatsi kan karye da kaka, lokacin da sabon amfani ya shigo, ya tashi idan damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. Idan tashin ya zo farat ɗaya sai a ce ya yi tashin gwauron zabi, idan faɗuwar ta yi muni a ce ya faɗi warwas. 'Yan canji na kasuwar Wapa ta Kano sun sha furta su duka bayan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin nan dala tana wajen naira 460 a hukumance. Ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, ta sauko ƙasa da 1,200 a Afrilu, sannan ta sake hawa. A Maraɗi da Damagaram sefa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka a bakin 'yan kasuwar can naira ce mai rawa.

A wajen jinya harshen ya fi taushi. Ciwo yana lafawa, yana motsawa, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, mai jinya kuma ya ce "yau da sauƙi, gobe sai a hankali".

Mutumin da ra'ayinsa ba ya zama ana kiran sa hawainiya, ko a ce ba shi da alƙibla. Ɗan siyasar da ya bar jam'iyyarsa ya sauya sheƙa. Sauyin arziki da mulki kuwa karin magana aka fi bar wa, kamar "duniya juyi-juyi" da "duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya", kuma an fi jin su idan mai kuɗi ya karye ko mai mulki ya sauka.